A Ina Kano Ta Ƙare?

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta yanke wani babban yanki na jihar Kano, tun daga Kazaure a arewa har Gwaram a kudu maso gabas, ta raɗa masa suna Jigawa. Haɗeja da Gumel da Kazaure, waɗanda dama masarautu ne masu cin gashin kansu tun kafin zuwan Turawa, suka haɗu da Dutse da Ringim, waɗanda a da gundumomi ne na masarautar Kano. Aka naɗa gwamna, aka gina sakatariya, aka kafa allunan maraba a bakin iyaka. A takarda dai an raba gari, kowa ya kama gabansa.

Fiye da shekara talatin bayan haka, manomin riɗi a Maigatari ba ya sallama buhunsa sai ya ji yadda aka wayi gari a Dawanau. Uwar da ke haɗa kayan ɗakin 'yarta a Gumel, Kantin Kwari take aikawa a yanko mata atamfa. Mai kanti a Haɗeja a kasuwar Singa yake sari. Wanda ya yi mummunar karaya a hanyar Birnin Kudu, in ba gidan mai ɗori aka nufa da shi ba, to Asibitin Ƙashi na Dala ne. Kamfanin da ke rarraba wutar lantarki ga Jigawa da Katsina a Kano hedikwatarsa take. Haka ma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are: sunayen garuruwan biyu ne a jikin allonta, amma babban ofishinta yana Kano. Igiyar nan kuwa ba a Jigawa ta tsaya ba. Ta kai Daura da Azare da Nguru, ta tsallaka iyakar ƙasa ta kai Maraɗi da Damagaram, inda ake kashe kuɗin sefa amma ake kasa kunne ga farashin naira.

Masana labarin ƙasa sun daɗe da sanin wannan hali na manyan birane. A 1939 wani Ba'amurke mai suna Mark Jefferson ya lura cewa a ƙasashe da yawa birni mafi girma yakan ninka mai bi masa aƙalla sau biyu a yawan jama'a, a tasiri kuwa ya yi masa fintinkau. A 1947 wani Bafaranshe, Jean-François Gravier, ya wallafa littafin da ya kwatanta sauran Faransa da hamada idan aka ɗebe birnin Faris, littafin da ya tayar da ƙura har gwamnatocin ƙasar suka shiga ƙoƙarin tura masana'antu zuwa larduna. Har yau yankin Faris, mai kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar Faransa, shi ke samar da kusan kashi 30 cikin ɗari na arzikin ƙasar. Idan aka auna Kano da wannan ma'auni, ta wuce misalin Jefferson nesa ba kusa ba. A ƙidayar 2006, duk da taƙaddamar da ba ta rabuwa da ƙidaya a Nijeriya, ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin Kano da kewaye suna da mutum kimanin miliyan 2.8, cikin miliyan 9.4 na jihar. Ƙaramar hukumar Dutse kuwa, da garin da ƙauyukansa gaba ɗaya, kimanin dubu 250 ce.

Sai dai ƙirga kawuna ba ya nuna ainihin ƙarfin birni. Alƙaluman nan ma sun ce mutum bakwai cikin goma na jihar Kano ba a birnin suke ba. Abin da ya fi bayyana rinjaye shi ne a bi sawun kaya da kuɗi da ruwa da mutane: ina ake yanka farashi, ina riba take kwana, me kuma yake komawa ga waɗanda suka kawo. Tambayar ƙarshen ita ce mai nauyi, domin kowane birni a duniya yana ci daga ƙauyukansa. Bambancin yana ga abin da yake mayar musu, kuma a nan ne tarihin Kano yake da abin faɗa.

Da farko dai, sarautar kasuwa ba gadon Kano ba ce tun fil azal. A ƙarni na 18 Katsina ce zangon ayarin da ke ƙetaro Sahara, ita ce kuma matattarar malamai da attajirai. Jihadi ne ya juya lamarin. Sarakunan Katsina da aka kora suka kafa Maraɗi, suka yi ta kawo hari shekara da shekaru, hanyoyin arewa suka zama na kasada. Fatauci ba ya son ƙarar kofaton dawakin yaƙi, don haka fatake, cikinsu har da Agalawa masu safarar goro daga Gwanja, suka yi ta gangarowa ƙasar Kano inda aka fi samun kwanciyar hankali. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso a 1851, ya tarar da Katsina ta zama kango mai faɗin ganuwa da ƙarancin mutane, Kano kuwa ya ƙiyasta mazaunanta kimanin dubu 30, adadin da ke ninkawa a lokacin hada-hadar rani. Ya ga tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbutu da Murzuk da Tarabulus.

Abin lura a nan, wanda ake yawan tsallakewa, shi ne cewa ba a cikin ganuwa kaɗai ake yin wannan arziki ba. A ƙauye ake noman auduga da baba, a ƙauye mata suke kaɗi, maza suna saƙa da rani bayan an gama girbi. Garin Kura ya shahara da marina da mabuga har tufafin turkuɗi masu sheƙi da Buzaye ke naɗawa suka ɗauki sunansa, ake ce musu 'yan Kura. Manyan fataken goro da yawa a garuruwan waje suke da gidajensu. Alhassan Ɗantata kansa a Bebeji aka haife shi. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ita ce bakin tulun, amma ruwan daga rijiyoyi ɗari yake zuwa, kuma kowace rijiya tana riƙe wani kaso na ribar, domin aikin hannun da ke ƙara wa kaya daraja a wurinta ake yin sa.

Akwai wata musaya ma da ta fi wannan ƙanƙanta a ido, amma ta fi ta nuna yadda zaman yake. Michael Mortimore, masanin da ya yi shekaru yana nazarin karkarar Kano tun daga shekarun 1960, ya bayyana yadda ƙasar da ke kewaye da birnin take ɗauke da jama'a masu yawan gaske, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin yana bayan jaki. Da asuba jakai suna shiga birni da itacen girki da hatsi da kara, da hantsi su fito da mangala cike da taki: toka, kashin awaki da na dawaki, sharar gidaje da ta ruɓe a juji. Iyakar inda jaki zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya, nan ne iyakar gonakin da suka fi samun wannan gata. Manomi yana barin gawo da ɗorawa da kuka a gonarsa yana sassabe rassansu maimakon sare su, saboda kasuwar itace tana nan kullum. Wato cikin birnin yana ci daga gona, abin da ya rage kuma ya koma gonar. Wani manomi Bajamushe, von Thünen, ya zana irin wannan tsari a 1826, da'ira bayan da'ira kewaye da gari, kowace da irin amfanin da nisanta ya yarda da shi. Manoman Ungogo da Kumbotso sun riga shi aiki da shi ba tare da sun ga zanen ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zamanin adalci ake siffantawa. Wani kaso mai yawa na hatsin da birnin ke ci bayi ne suke noma shi a rumada da gandayen sarauta irin na Fanisau. Hakimai a birni suke zaune, kusa da fada, jakadunsu ne ke zagaya ƙauyuka suna karɓo kuɗin ƙasa da kuɗin karofi, har sai da Turawa, 'yan shekaru bayan sun ci Kano a 1903, suka tilasta musu komawa gundumominsu. Ko bayan nan harajin talakan ƙauye ne ya cika baitulmalin En'e, daga ciki kuma aka yi wa birnin famfo da lantarki a farkon shekarun 1930, alhali mai biyan harajin yana jan guga. Rinjaye yana nan tun da can. Amma sana'a tana warwatse a ƙasa, kuma birnin yana buƙatar ƙauyen da ke kusa da shi fiye da yadda yake buƙatar kowa.

Jirgin ƙasa ne ya fara sauya wannan ma'auni. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Turawan Ingila auduga suka sa rai za ta cika taragai domin masaƙun Lankasha, sai manoma suka yi lissafinsu suka zaɓi gyaɗa: ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta ƙi ana iya cinta. Cikin 'yan shekaru kamfanonin Turawa suka jera kantuna kusa da tasha, Kwara 'yan Sham da Labanan suka kafa nasu, attajiran gida irin su Ɗantata suka juya jarin goro zuwa gyaɗa, suka baza 'yan baranda cikin ƙauyuka da kuɗin bashi. Dalar gyaɗa da ake tinƙaho da ita a hotuna alama ce ta arziki, gaskiya ne, amma kuma alama ce ta sabon rabon aiki: ƙauye ya noma ya ɓare, birni ya auna, ya tantance, ya ba da bashi, ya yanka farashi. A lokaci guda taragan da suka tafi da gyaɗa suna dawowa da yadin Ingila, wanda sannu a hankali ya rage wa masaƙin ƙauye kasuwa. Da aka kafa hukumomin sayen amfanin gona bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai suka riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya suna tara rara, da yawa daga cikinta kuma ta tafi ga ayyukan gwamnati a Kaduna da Zariya da Kano. A nan ma gaba da gabanta: farashin da Kano ke yanka wa Gaya, a Landan aka fara yanka mata shi.

Gyaɗar ta durƙushe bayan farin 1973 da cutar da ta afka mata a 1975, amma tsarin da ta gina bai tafi da ita ba. Kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a hanyar Katsina, ita ta gaje shi. Dalilin ƙarfinta ba boyayye ba ne. Mai son tirela goma ta riɗi cikin mako ɗaya ba zai iya bin kasuwannin ƙauye yana tara tiya-tiya ba. Yana buƙatar wurin da akwai rumbunan ajiya, da dillalan da suka san kowa, da masu tankaɗe da gyara, da 'yan dako, da banki, da motar da za ta ɗauka zuwa Legas a yau ɗin nan. Duk inda waɗannan suka taru, masu saye sukan ƙaru, ƙaruwar masu saye kuma ta jawo ƙarin masu kawowa, har a kai matsayin da babu wanda zai iya buɗe kishiyar kasuwar ko da ya fi ta kusa da gonaki. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa, wanda Meziko ce babbar mai sayensa, sau da yawa sai ya bi ta Kano an gyara shi an ɗure kafin ya ga teku. Shanshan shinkafar fadamun Haɗeja yakan tafi injinan Kano ya dawo a buhu mai tambari.

Manomi yana sayarwa da kaka, lokacin da hatsi ya fi arha, domin bashin taki da bikin 'ya da kuɗin makaranta ba sa jira. Da damina, lokacin da rumbunsa ya yi ƙasa, yakan sayi irin hatsin nan da tsada, wataƙila ma wanda ya fito daga garinsu ya je ya yi wata shida a sito. Ba daidai ba ne a mai da ɗan kasuwa azzalumin labarin, domin shi ma kasada yake yi, kuma shekarar da farashi ya karye shi ke kwana a ciki. Ba don Dawanau ba ma, da riɗin Maigatari bai sami mai saye daga Asiya ba. Maganar ita ce ribar ajiya da ta gyara da ta sufuri, wadda sau da yawa ta fi ribar noman kanta tabbas, a birni take sauka, a can ake gina gida da ita, a can ake biyan kuɗin makarantar kuɗi da ita.

Inda rinjayen ya fi tsanani, kuma aka fi yin shiru a kansa, shi ne ruwa. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974. Aka ƙara da ta Challawa kusa da Ƙaraye a 1992. Waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Daga Tiga ake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda tumatir da shinkafa da alkama suka canza rayuwar dubban iyalai, daga kogunan nan kuma matatun ruwan birnin Kano ke ɗiba. Wannan alheri ne da ba mai musunsa. Amma a can ƙasa, tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, akwai wata rayuwa da ta dogara ga ambaliyar shekara-shekara: ruwa ya malala da damina a shuka shinkafa, masunta su kama kifi, ya janye a shuka wake da alkama a danshinsa, Fulani su sauko da shanu da rani. Madatsun, tare da shekarun fari, sun rage wannan malala. Sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara kuma, maimakon cika da janyewa, ya ba ciyawar kacala damar mamaye magudanai, ta toshe wasu, ta karkatar da ruwa ya kwanta a gonakin da ba a son sa, wasu wuraren kuma suka bushe. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun gano cewa amfanin da fadamun ke samarwa daga kowane ma'aunin ruwa ya fi na manyan ayyukan noman rani da ke sama. Lissafin bai sauya komai sosai ba, saboda masuncin Nguru ba shi da kujera a inda ake yanke shawarar buɗe ƙofar dam, kuma ba a jiha ɗaya suke da mai buɗewar ba.

Abin da birnin ke mayarwa ta hanyar ruwa kuwa, a duba rafin Jakara. Yana ɗauke da dagwalon unguwanni, ya haɗu da na masana'antun Bompai, ya gangara madatsar Wasai a Minjibir, masu lambu suna ban ruwa da shi a hanya. Majemun zamani na Challawa da Sharaɗa su ma sun daɗe ana kuka da abin da suke zubarwa. Takin birni bai daina fita ba, yanzu a tifa ake kai shi, sai dai manomi ya sa yara su tsince leda da fasassun kwalabe da batura kafin ya baza.

Gonakin da jakan nan ke kai wa taki ma da yawansu sun zama unguwanni. Awon igiya ya cinye gefen Ungogo da Kumbotso, yana tunkarar Gezawa da Dawakin Kudu. Magada su sayar da gonar gado a raba kuɗin, wani ya sayi adaidaita sahu, wani ya yi aure, bayan shekara biyar a iske ɗan mai gonar yana leburanci a ginin da ake yi a inda ubansa ke shuka gero. Wasu sun ci riba, musamman masu haƙurin jira. Amma ƙasa da aka yi ƙarnoni ana kiwon ƙarfinta da taki, in aka zuba mata kankare, ba ta dawowa.

A ɓangaren mutane, hoton ya fi gauraya. 'Yan cin rani da ke shigowa bayan girbi, daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Damagaram, masu ga-ruwa da dako da gadi da yankan farce, suna komawa da kuɗin taki da na sutura, yanzu ma ta waya suke turawa kafin su koma. Wannan hanya ce ta gaske da arzikin birni ke bi ya isa ƙauye, kuma a shekarar fari ita ke tsakanin iyali da yunwa. Wanda ba ya komawa shi ne mai ilimi. Yaron Gwarzo ko Sumaila da ya zama likita ko injiniya, da wuya ya sake zama a garinsu, kuma ba a ga laifinsa ba: makarantar 'ya'yansa da asibitin matarsa da abokan aikinsa duk suna birni. Sanannen ƙorafi ne cewa ma'aikatan ƙananan hukumomi da yawa, har da shugabanninsu, a birni suke kwana, su je ofis su dawo kafin la'asar. Turawa sun kori hakimai zuwa gundumomi fiye da shekara ɗari da suka wuce. Mota da kwalta sun dawo da magadansu na zamani cikin gari. Albashin da aka biya da sunan ƙauye, a kasuwar Sabon Gari ake kashe shi.

Har harshe bai tsira ba. Daidaitacciyar Hausa da ake koyarwa a makaranta, aka daɗe ana karanta labarai da ita daga Landan da Bon da Washinton, a kan karin Kananci aka gina ta. Finafinan Kano da littattafan da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano sun kai wannan kari inda malamin makaranta bai kai ba. A cikin finafinan barkwanci, idan ana son a nuna wauta, sai a sa wa mutum karin harshen wani yanki da hula a karkace. Kalmar "baƙauye" ta daɗe da tashi daga bayanin inda mutum yake zaune ta koma zagi, a bakin mutanen da tuwon darensu daga ƙauyen ya zo. Kirarin birnin ma bai ɓoye komai ba: tumbin giwa. Tumbi kuwa aikinsa karɓa.

An gwada magunguna, kuma kusan dukkansu na taswira ne. Ƙirƙiro Jigawa ya haifar da abubuwan da ba za a raina ba: hanyoyi, jami'ar tarayya a Dutse a 2011, ta jiha a Kafin Hausa, filin jirgin sama. Amma shekaru da yawa bayan 1991 ma'aikatan sabuwar jihar da dama daga Kano suke zuwa aiki, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba. Gwamna Saminu Turaki ya rarraba ma'aikatu zuwa hedikwatocin masarautu domin kowa ya ɗanɗana, Sule Lamido ya tattaro su ya maido Dutse bayan 2007 domin a sami babban birni na gaske. Kowannensu yana da hujja, kuma gardamar tasu ita ce gardamar Kano da ƙauyukanta a ƙaramin sikeli, domin yau Dutse ce ke yi wa Gwiwa da Birniwa abin da ake ƙorafin Kano na yi mata. A jihar Kano, sababbin masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye da aka kafa a 2019, ɗaya daga cikin hujjojin da aka bayar shi ne kai ci gaba wajen birni. Aka rushe su a 2024, daga baya aka maido uku a daraja ta biyu. Duk inda mutum ya tsaya a wannan rigima, farashin masara bai taɓa tambayar sarakuna nawa ne a jihar ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya fi kusa da jijiyar matsalar, in har kuɗin ya isa, in kuma masu kashe shi suna kwana a inda aka zaɓe su.

Faransawa ma sun gwada nasu a hayin iyaka. Damagaram ce hedikwatar mulkinsu a Nijar har 1926, lokacin da suka mai da ita Yamai. Cikin dalilan akwai ƙarancin ruwa, akwai kuma kusancinta da Kano da ke hannun Ingilishi. Yamai ta girma ta zama irin birnin da Jefferson ya siffanta: a ƙidayar 2012 ta haura mutum miliyan ɗaya, Maraɗi da Damagaram kowannensu bai kai kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Mulki ya koma yamma, amma ciniki bai bi shi ba. Waken Nijar da dabbobinta kudu suke gangarowa, ta Maigatari da Jibiya da Illela. Da Nijeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, 'yan kasuwar Maraɗi sun ji a jikinsu fiye da yadda duk wata doka daga Yamai ta taɓa sa su ji.

Yanzu ana shimfiɗa sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. A garuruwan nan ana maganarsa da fatan alheri, kuma fatan yana da tushe. Sai dai hanya mai sauri kaifi biyu gare ta: yadda take sauƙaƙa wa manomin Kazaure kai kayansa kasuwa, haka take sauƙaƙa wa kantunan Kano kawo nasu har ƙofar mai ƙaramin shagon Kazaure, ta kuma ba ma'aikacin Daura damar ajiye iyalinsa a Kano. An taɓa ganin irin wannan. Da aka miƙa dogo zuwa Nguru a 1930, tashoshin Ringim da Gagarawa da Malam Madori sun cika da 'yan baranda da raƙuma da amalanke, Malam Madori ma kusan jirgin ne ya mai da ita gari. Abin da aka gina a yawancin ƙananan tashoshin sikeli ne da rumfar ajiya, gyaɗar ta wuce yadda ta zo. Da gyaɗa ta ƙare, jirgin ya rage zuwa, ciyawa ta rufe dogo a wurare da yawa, manyan motoci suka ɗauki kayan suka bi kwalta zuwa 'Yankaba da Dawanau.